Amsa kan sababbin shaguna a unguwar masu zane-zane

Malam, ka tambayi ko gyaran tsofaffin gine-gine da buɗe sababbin shaguna a unguwar masu zane-zane alheri ne ga mazaunanta. A ganina, sai an fara duba wanda ya mallaki ginin. Ɗauki unguwar SoHo ta birnin New York, inda a shekarun 1960 masu zane suka tare a benayen masana'antun da aka yi watsi da su, saboda arhar haya da faɗin ɗakuna masu manyan tagogi, inda mutum zai jingina ƙaton allon zane bai taɓa rufi ba. A 1971 hukumar birnin ta halatta musu zama a ciki. Da unguwar ta yi suna, sai gidajen baje kolin zane suka biyo baya, sannan gidajen abinci da kantunan tufafi masu tsada, masu gidaje kuwa suka yi ta ƙara kuɗin haya, har a shekarun 1990 gidajen baje koli da dama suka koma wata unguwar birnin mai suna Chelsea. Waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi benayensu tun da wuri sun zauna daram, amma 'yan haya da yawa dole ta sa suka tattara komatsansu.