Ku Tambaya Mu Amsa: Goɗiyar da ta fi kowa gudu, a bar ta a fili ko a kai ta haihuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni direba ne a nan Nima, Accra, kuma muna da majalisa da muke zama shan ataya bayan isha'i, to kwanan nan gardama ta ɓarke tsakanina da wani abokina akan dawakin tsere na Turawa da muke kallo a YouTube. Shi yace duk goɗiyar da ta ci babban kofi tana shekara 3 hauka ne a sake sa ta gudu, a cire ta kawai a kai ta haihuwa kamar yadda ake yiwa ingarmu tun kafin ta karye a yi biyu babu, ni kuma nace ai zalunci ne ka ɗaure dabba tana kan ganiyarta. Abin ma da yasa maganar ta dame ni, baffana yana da wata goɗiya ja mai shekara 4 da babu mai kamo ta a cikin dawakin da suke kilisa tare, yanzu wasu sun dame shi wai ya kai ta a yi mata barbara. Don Allah Kawu ka raba mu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya tsare hanya. Ka faɗawa abokinka lissafinsa daidai ne amma ya ɗora shi akan dabbar da ba ita ba, lissafin ingarma ne ya ɗauko ya jibgawa goɗiya.

Bari ka ga yadda abin yake. Akwai wani doki a Ingila sunansa Frankel, ya yi tsere 14 ya cinye duka, aka ajiye shi a 2012 yana shekara 4. Duk gudun da ya yi a rayuwarsa kuɗin da ya ciyo bai cika fam miliyan 3 ba. Da aka kai shi barga a 2013 duk mai son a yiwa goɗiyarsa barbara da shi sai ya biya fam 125,000, kuma a shekara ɗaya yana hawa goɗiyoyi sama da 100, to kai da kake lissafin kuɗin mota kullum buga ka gani, shekara ɗaya tak a barga ta ninka duk wahalar da ya sha a fili har sau huɗu, zuwa 2024 ma kuɗin ya kai fam 350,000. Wa zai bar irin wannan dokin yana gudu ana jiran ranar da zai taka rami? Babu.

Ita kuwa goɗiya cikinta wata 11 ne, ɗa ɗaya take haifa a shekara, wata shekarar ma cikin ba zai shiga ba ko ya zube. In an jinkirta mata shekara ɗaya duƙushi ɗaya aka rasa, shi kenan, kuma duƙushin nan babu wanda ya san ko zai iya gudu. Amma tsere ɗaya irin Arc da ake yi a Paris duk farkon Oktoba kuɗinsa yuro miliyan 5 ne, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe fiye da rabi. Shi yasa zaka ga manyan masu dawaki suna saurin janye namiji amma mace sai su bar ta tana ta kwasar kofi har shekara 5 ko 6.

Misalin da nafi so shi ne Enable, goɗiyar marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wadda John Gosden ya horar Frankie Dettori yake hawa. Tana shekara 3 a 2017 ta ci Oaks, ta ci King George, duka manyan tseren Ingila ne, ta je Faransa ta ci Arc, wato duk abin da abokinka yake cewa in an ci a tafi gida ta ci shi. Da Yarima ya bi shawarar majalisarku da a nan labarin ya ƙare. Sai ya bar ta. 2018 ta samu matsala a gwiwa, ba su yi gaggawa ba suka jira har Satumba, ta fito ta sake cin Arc, bayan wata ɗaya aka ɗauke ta a jirgi zuwa Amurka ta ci Breeders' Cup Turf, kafin ita babu dokin da ya taɓa haɗa waɗannan biyun a shekara ɗaya. King George sau 3 ta ci shi. Ta gama da nasara 15 cikin tsere 19 da kuɗi sama da fam miliyan 10, kuma duk da haka ta je barga ta haihu lafiya lau a 2022. To me aka rasa?

Amma kar ka yi saurin zuwa majalisa da ƙirji a buɗe, don shi ma abokinka yana da nasa shaidun. Marigayi Aga Khan, babban mai kiwon dawakin tsere, ya taɓa mallakar wata goɗiya Zarkava, tsere 7 ta yi ba a taɓa wuce ta ba, tana cin Arc a 2008 tana shekara 3 ya janye ta. Mutane sun ji haushi sosai, amma shi gidansu gidan kiwo ne tun kaka da kakanni, jinin yake so ba tafin jama'a ba, kuma ta haifa masa Zarak wanda ya ci babban tsere a Faransa a 2017 yanzu kuma shi ma ingarman barbara ne da ake rububinsa. Ba zan ce ya yi kuskure ba. Sai dai har gobe babu wanda ya san iyakar gudun Zarkava, wannan kuma asara ce da ba a rubuta ta a littafin akanta.

Sannan akwai kwaɗayi, shi ne inda nake rabuwa da masu cewa a bar ta tayi ta gudu har sai ta gaji. Wata goɗiyar Faransa Treve ta ci Arc 2013 da 2014, aka sanar an ajiye ta, sai kuma aka canza shawara aka dawo da ita neman na uku, ta zo ta huɗu a 2015. Ita kanta Enable an nemi na ukun da ita sau biyu, 2019 wani doki Waldgeist ya kamo ta dab da layi, 2020 tana shekara 6 ta zo ta shida a cikin laka. Allah ya taimaka duk sun koma gida da ƙafafunsu huɗu. A ganina wannan shekarar ta ƙarshe ba don dabbar ake yinta ba, don sunan maigida ne.

Maganar karyewa da abokinka yake tsoro gaskiya ce ba wasa ba, doki mai kilo kusan 500 yana gudu akan ƙafafu sirara, in ƙashin ya fashe da kyar ake iya gyara shi don doki baya iya kwanciya jinya kamar mutum. Amma ka tambaye shi shekarun goɗiyar Amurka Eight Belles nawa lokacin da ta karye ƙafafun gaba duka biyu bayan ta zo ta biyu a Kentucky Derby a 2008 aka kashe ta a wurin. Uku. Ruffian ma da ta karye a 1975 shekararta 3. Kaga hatsarin baya jiran tsufa. Kuma ita haihuwar da ake ɗauka kamar hutu ce ba hutu bace, Black Caviar ta Ostareliya ta yi tsere 25 ta ci 25 ta fita lafiya, a barga ta mutu a 2024 jim kaɗan bayan haihuwa da ciwon kofato.

Yanzu mu dawo gida kan goɗiyar baffanka, don duk wancan lissafin na masu fam da yuro ne. A nan Accra tun da aka tashi tsohon filin sukuwa na cikin gari, inda otel ɗin Kempinski yake yanzu, aka koma Borteyman, harkar ba ta da armashi irin na da, kuma babu wata kasuwar gwanjo da za a kawo takardar asalin duƙushi a yi ta ɗaga hannu. Mai sayen doki a wurinmu ido yake bi, tsayi da ƙirji da launi da yadda zai yi kyau ranar hawan sallah ko Damba, galibi ma namiji yake nema don mu tun asali ba a cika hawa goɗiya a taro ba. Ga tsadar dusa da harawa da kuɗin likita, ga kudancin nan da baya yiwa dawaki daɗi saboda tsando da damshi. To ba kofin miliyoyi ne zai yanke hukuncin ba, ƙafarta ce.

Ka ce da baffa ya riƙa zuwa turke da asuba kafin a kunce ta, ya durƙusa ya shafa bayan ƙwaurin ƙafar gaba daga ƙasan gwiwa har zuwa idon sawu, jijiyar nan ya kamata ya ji ta a sanyaye a miƙe kamar igiya, ya gwada dama da hagu, in ɗaya ta fi ɗaya ɗumi ko ta ɗan kumbura ko ta janye ƙafar da ya matsa, to akwai magana. Sai yasa yaro ya ja ta da sassarfa akan ƙasa mai tauri yana tsaye a gabanta yana kallon kanta, in tana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafa ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar ke ciwo. Ya duba kwanon abincinta washegarin gudu ko ta cinye. In duk wannan lafiya kuma har yanzu in an ɗora sirdi tana rawar jiki tana neman hanya, shekara 4 ai yanzu ma ƙarfinta yake cika, ya bar ta ta yi shekara ɗaya ko biyu, goɗiya tana haihuwa har ta doshi shekara 20, babu inda haihuwar za ta gudu. In kuwa jijiya ta fara magana kar ya tsaya shafa mata man zafi yana cewa saura tsere ɗaya, ya kira likitan dabbobi, ya sauke sirdin.

TAMBAYA: Kawu ni tambayata daga Aboabo, Kumasi. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya yi kiwon dawaki, nakan ji yana cewa goɗiyar da aka wahalar da gudu ba ta haifar ɗan kirki. Haka ne?

AMSA: Amin Hajiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Ba shi kaɗai ba, tsofaffin masu kiwo na Turai ma da yawa haka suke cewa, kuma in suna neman hujja sai su nuna Zenyatta ta Amurka da ta ci 19 cikin 20 amma 'ya'yanta babu wanda ya yi abin a zo a gani. Sai dai ga Urban Sea, ta sha yawo ƙasa ƙasa tana gudu, ta ci Arc a 1993, ta ci gaba har tana shekara 5, sannan ta haifi Galileo da Sea The Stars, duka biyun sun ci Derby na Ingila, ɗaya 2001 ɗaya 2009, kuma yau da wuya ka buɗe takardar asalin babban doki a Turai baka ga sunanta ba. Ga Miesque da ta ci Breeders' Cup Mile sau biyu ta haifi Kingmambo.

Abin da yake faruwa Hajiya, muna cewa barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, to a dawaki wallahi yana rarrafen, sau da yawa ma. Goɗiyar da ta fi dubbai gudu ba dole ɗanta ya kamo ta ba ko da an ajiye ta tun tana shekara 3, sai mutane su ga ɗan bai kai uwar ba su ɗorawa gudun laifi. Wata kuma bata yi wani suna a fili ba kamar Hasili, amma 'ya'yanta biyar suka ci tsere mafi daraja. Inda maganar Baba take da ƙarfi shi ne in an bar ta ta tsufa sosai kafin cikin fari, ko an kai ta barbara a rame da ciwo a jiki, nan kam ɗaukar ciki yakan yi wuya. Masu kuɗin kansu basu yarda gudu yana ɓata jini ba, Winx ta Ostareliya ta yi tsere 43, ta ci 33 a jere, sai 2019 aka ajiye ta, cikinta na fari bai zo da rai ba, amma 'yar da ta haifa bayan nan dalar Ostareliya miliyan 10 aka saye ta a 2024 tun ba a taɓa ɗora mata sirdi ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Madina, naji ance yanzu ana cire ƙwan goɗiya a sa a cikin wata ta ɗauki cikin, me zai hana a yi haka ita kuma ta ci gaba da gudunta?

AMSA: Ana yi ƙanena, a dawakin folo ma ya zama ruwan dare musamman a Ajantina, har sun wuce nan, shahararren ɗan folo Adolfo Cambiaso ya sa an kwafi goɗiyarsa Cuartetera a ɗakin gwaji ya hau kwafi shida a gasa ɗaya a 2016. Amma a dawakin tsere irin su Enable doka ta hana, sai ingarma ya hau goɗiya da kansa kuma ita ta ɗauki cikin ta haife shi, in ba haka ba ba za a rubuta duƙushin a littafin asali ba, wanda ba a rubuta ba kuwa ba zai shiga tsere ba balle a saye shi da daraja. Ko allurar maniyyi basu yarda da ita ba. Suna cewa don kare jinin ne kar ingarma ɗaya ya cika duniya da 'ya'ya, ni dai ina ganin har da kare farashi a ciki. To a wurinsu taura biyu bata taunuwa, dole maigida ya zaɓa.

Masu tambaya akan cacar dawaki da ake bugawa a waya, saƙonninku sun iso har da na wanda ya turo sau uku, wannan sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.