Sonatar celo da fiyano ta Britten: daga ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka saurari sonatar (dogon kiɗa mai kashi-kashi) Benjamin Britten, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ta celo (babban goge na Turawa) da fiyano ta yi maka tsauri, kana tambaya ko akwai hanyar shigarta. Akwai.

Britten ya rubuta ta ne domin Rostropovich, gwanin celo na Rasha, bayan sun haɗu a Landan a 1960. Su biyun suka fara kaɗa ta a bikin kiɗa na garin Aldeburgh da ke Ingila a Yulin 1961, Britten na kan fiyano. Nemi faifan da suka naɗa tare.

Kashi biyar ne. Kada ka fara da na farko. Fara da na uku, Elegia, inda celo ke jan dogon sauti mai nauyi kamar mai makoki, fiyano na tafe a hankali a ƙarƙashinsa. Daga nan koma na biyu: a can ba a goga tsirkiya ko kaɗan, da yatsu ake fizgar ta, wani lokaci da hannun hagu ma. Wallahi wannan kashin yana burge ni matuƙa.

Sai ka dawo kashi na farko, Dialogo, ka ji yadda celo ke tambaya da guntayen sauti cikin ɗari-ɗari, fiyano na amsawa.