Tambari, Makamashi da Karin Maganar da Ta Dace da Kamfanin Wuta

Wani mai karatu daga Zariya, wanda aka ba aikin tsara shafin intanet na wani kamfanin lantarki mai amfani da hasken rana, ya aiko da tambayoyi uku. Zanen da ke wakiltar kamfani tambari ne ko hatimi? Wuta zai rubuta ko makamashi? Wace karin magana ce za ta dace da fuskar shafin?

Tambari a asalinsa ganga ce ta sarauta, jam'insa tambura, kuma ba a buga shi domin kowa sai sarki, ta yadda duk wanda ya ji amonsa daga nesa ya san wanda ake yi wa. Wannan ne ya sa kalmar ta zauna daram a kan zanen da ake gane kamfani da shi tun kafin a karanta sunansa. Hatimi kuwa, wanda muka aro daga Larabci, aikinsa tabbatar da takarda, don haka a bar shi a kan rasit da wasiƙa.

Makamashi ya fito ne daga kamawa, wato abin da wuta ke kamawa ta ci, kamar itace da kara da gawayi, daga baya ma'anar ta faɗaɗa har ta haɗa fetur da iskar gas da lantarki. Kalma ce mai kyau a cikin rahoto, amma matar da injin markaɗenta ya tsaya ba ta cewa makamashi ya yanke, cewa take yi an ɗauke wuta. Shawarata ita ce maɓallan shafin su yi magana da bakinta: sayi katin wuta, duba kuɗin wata, kai ƙorafin mita.

Ko da ba ka tambaya ba, batun sunan kamfani ya fi waɗannan nauyi, domin suna linzami ne. An kafa hukumar lantarki ta Najeriya, NEPA, a 1972, aka mayar da ita kamfanin PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11, ciki har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Duk da haka har gobe yara na ihun NEPA ta kawo wuta, saboda gajeren suna ne da harshen Bahaushe ya karɓa ba tare da wahala ba. Duk sunan da za ku zaɓa, ku fara jin yadda yake fita daga bakin mai shago.

Game da karin magana, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ita ce ta dace da aikinka kai mai tsarawa, tunda shafin nan ne inda ake tarbar baƙo, kuma lambar wayar da ake ɗagawa ta fi masa amfani a kan ado. Kyan alkawari cikawa ta fi ƙarfi a matsayin taken kamfani, sai dai ina roƙonku kada ku rubuta ta a ƙarƙashin tambarinku sai kun tabbata za ku iya bayyana wa mutane sa'o'in da za su samu wuta a kowace rana.