Ruwa ya cinye gefen jingarmu: mu zuba duwatsu ko mu jira izini?

Tambaya: Muna da jingar ƙasa da ta raba gonakinmu da wani babban tafki. Igiyar ruwa ta cinye gefenta tsawon kusan mita 40, har samanta ya fara tsagewa. Mun shirya kawo tifofin dutse da ɓaraguzan gini mu zuba, sai aka ce mana sai da izinin hukumar muhalli. Gyaran abin da yake namu ma sai an nemi izini? Kuma wane irin gyara ne zai daɗe?

Amsa: Malam, ku dakatar da tifofin nan tukuna. Tsagewar da kuke gani a sama ba daga nan ciwon yake ba. Ruwa yana fara cin jinga ne daga gindi, ya rarake ƙasar da ke ƙarƙashi, na sama ya rasa madogara ya rufto. In kun juye duwatsu daga sama, za su zauna a kan ramin da ruwa ke ci gaba da haƙawa, kuma ku wayi gari sun nutse. Ɓaraguzan gini ma sun fi muni, domin ga ƙarafa ga fenti ga shara, kuma hukumomi da dama suna ɗaukar zuba su a ruwa a matsayin gurɓatawa.

Batun izini kuwa, jingar taku ce, amma ruwan da ke dukanta da kifin da ke cikinsa na jama'a ne. Kusan ko'ina doka tana sa ido ne kan abin da aka zuba ko aka haƙa ƙasa da layin da ruwa ya saba kaiwa idan ya cika. A Amurka sashe na 404 na dokar tsaftar ruwa ta 1972 ne ya ɗora wannan aiki a kan hukumar injiniyoyin soja. A Ingila, aikin da ke cikin mita 8 daga gaɓar babban kogi, ko mita 16 idan kogin yana cika yana janyewa tare da teku, yana iya buƙatar izinin hukumar muhalli. Idan tafkin yana cikin dausayin da aka yi wa rajista ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare dausayi, sharuɗɗan sukan ƙara tsauri. Dokar ƙasarku ce za ta yi hukunci, don haka ku fara da ofishin da ke kula da ruwan.

Abin da zai sauƙaƙa muku shi ne bambancin gyara da sabon gini. Mayar da jinga yadda take, a gurbinta, da tsayinta da faɗinta na asali, galibi hanyarsa gajera ce. Da zarar kun ƙara tsayi ko kun tura ta cikin ruwa don ku sami ƙarin fili, an shiga wani babi, har a nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli. Ni a ganina, mafi yawan jinkirin da mutane ke kuka da shi daga nan yake: sun zana aiki sun gama, sannan suka kai a sa hannu. Ku gayyaci jami'in ya taka gaɓar da ƙafarsa kafin injiniya ya kammala zane. Ku tanadi hotuna masu kwanan wata, awon safiyo, takardar mallakar fili, zanen da ke nuna yankan jingar, da yawan dutsen da zai shiga ruwa. Tsofaffin hotunan jingar kafin ta lalace suna da amfani ƙwarai, su ne shaidar girmanta na asali.

Shi gyaran, a bari ruwa ya ja baya. A kankare ƙasar da ta saki, a yanka gefen mataki-mataki don sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa. A zuba ƙasa mai yumɓu kashi-kashi, kaurin santimita 15 zuwa 20, ana daɓe kowane kashi da ɗan danshi kafin a ɗora wani. Gefen ya kwanta, kada ya miƙe: kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita biyu zuwa uku na shimfiɗa.

Sai abin da aka fi tsallakewa don rage kuɗi: shimfiɗar tace ruwa. Tsakanin ƙasa da manyan duwatsu dole a shimfiɗa tsakuwa ko ƙyallen roban nan mai barin ruwa ya wuce ya riƙe ƙasa. In babu shi, duk igiyar da ta daki duwatsun ta koma sai ta tafi da ɗan yashi ta kafofinsu, a waje komai lafiya, a ciki kuwa kogo. Duwatsun su zama masu kusurwa, manya da ƙanana a gauraye, kuma girmansu injiniya ne zai lissafa daga tsayin igiyar. A haƙa rami a gindin a binne layin farko, a kuma cusa bakin aikin biyu cikin gaɓa, in ba haka ba ruwa zai zagayo ta baya. Sama da duwatsun a dasa ciyawa mai sarƙaƙƙen saiwa. Banda itatuwa, domin saiwarsu in ta ruɓe hanyar ruwa take zama.

Takardar izinin za ta zo da sharuɗɗa, kamar hana aiki lokacin da kifi ke ƙwai, kafa labulen tare laka, da nisantar da man injuna daga gaɓa. Ku sa su a yarjejeniyar ɗan kwangila, tunda mai takarda ake kamawa.

In kuwa jingar na neman fashewa, ku kira hukumar a ranar, yawanci akwai hanyar gaggawa. Ku riƙa duba ɓangaren gonaki. Ruwa mai haske da ke tsattsafowa abin lura ne, amma wanda ke ɓulɓulowa da yashi yana nufin cikin jingar ne ke fita. Kada ku toshe bakinsa. Ku kewaye shi da buhunan yashi, ruwan ya taru a ciki har ya daina fitar da ƙasa, kuma ku janye mutane da dabbobi daga ƙasan wurin kafin injiniya ya iso.