Komawa tuƙi bayan shanyewar ɓarin jiki

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ce wata 2 ke nan da ciwon ya same ka, hannu da ƙafa sun dawo, kana tambaya ko ka karɓi makullin motarka. Ni ma ya taɓa ni, don Allah ka ɗan dakata tukuna.

Nawa ɓarin hagu ya kama. Da na ajiye sanda sai na ɗauka na warke, ashe da sauran rina a kaba. Ranar da na fara jan mota a wani fili, ƙanena yana gefena, mun jera jarkoki, sai da na take uku. Duk na hagu ne, kuma wallahi ban gan su ba. Jikina ya yi sanyi. Da yaro ne fa?

Likita ya yi min bayani cewa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke kula da hagun jiki. Idan ya taɓu, mutum kan daina lura da abin da ke hagunsa, wani kuma rabin ganinsa ke tafiya a duka idanun biyu, bai ma sani ba. Saboda haka ka je a auna maka faɗin ganinka, karanta haruffan allo kaɗai bai isa ba. Ka kuma tambayi likitanka batun farfaɗiya, don takan biyo bayan wannan ciwo, da magungunan da ke sa barci. A Ingila doka ta hana tuƙa ƙaramar mota na aƙalla wata 1, direban bas ko babbar mota kuwa shekara 1.

Ni a motar da ke tsaye na faro, ina ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki har ta saba. Kuloci ya gagari ƙafata ta hagu, na koma otomatik, aka ɗaura min ɗan mariƙi a sitiyari don juyi da hannu ɗaya. Malamin tuƙi ya riƙa tilasta min waiwayawa hagu a kowace mahaɗa. Minti 15 kawai nake yi, rediyo a kashe, saboda gajiyar ƙwaƙwalwa takan zo ba sallama.

Sai a wata na 7 likita ya yarda na hau titi ni kaɗai, kuma har yau ba na tuƙin dare. In ka dawo daga awon idon, ka sanar da mu abin da aka ce.