Digirin bayoloji, sai kuma me?

Tambaya: Anti, ina aji huɗu a jami'a, bayoloji nake karanta, a gida kowa cewa yake ƙarshenta koyarwa. Zan iya aikin lab a asibiti? Ƙanwarki daga Argungu.

Amsa: Ƙanwata, gwajin jini a asibiti sai mai lasisin MLSCN, wato hukumar da ke kula da masu aikin lab na asibiti, digirin bayoloji kaɗai ba zai ba ki shi ba, kar wani ya ruɗe ki. Amma dubi garinku mana, ga kifi ga shinkafa, ki yi firojet ɗinki kan kiwon tarwaɗa ko cututtukan shinkafa hannunki ya saba, NAFDAC da kamfanonin abinci ma suna ɗaukar irinku. Koyarwar kuma wallahi ba abin rainawa ba ce, ki ƙara PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Kwamfuta kam ki koya tun kafin bautar ƙasa.