Me Ya Sa Sandar Rubutu Ba Ta Tsayawa Inda Aka Danna?

Tambaya: Ina haɗa wata manhaja ta kwamfutar tebur da Qt, wato kayan aikin gina manhajoji, domin ajiye sunayen ɗalibai. Sunan yana fitowa a matsayin rubutu kawai, idan aka danna shi sai ya koma akwatin da za a iya gyarawa. Matsalar ita ce, 'yar sandar nan mai ƙyaftawa tana tafiya ƙarshen suna, ba ta tsayawa inda aka danna. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, dalilin shi ne a lokacin da aka danna linzami, akwatin gyaran bai riga ya bayyana ba, saboda haka rubutun farko ne ya karɓi dannawar, shi kuwa akwatin da ya zo daga baya bai san inda aka taɓa ba. Aikinka shi ne ka isar masa da wannan labari.

Ga matakan, tare da sunayen umarnan Qt da za ka kira: ka adana wurin da aka danna bisa ma'aunin allon kwamfuta gaba ɗaya, sannan ka fito da akwatin, ka mayar da wurin zuwa ma'aunin akwatin da mapFromGlobal, ka tambaye shi da cursorPositionAt, wanda zai ba ka lambar gurbin da ke tsakanin haruffa, sai ka miƙa lambar ga setCursorPosition. Amma wajibi ne akwatin ya gama zama da girmansa kafin a yi masa tambayar, kuma samfurin haruffansa da tazarar gefensa su yi daidai da na rubutun farko, in ba haka ba sandar za ta kauce da harafi ɗaya ko biyu.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne ƙoƙarin lissafin wurin da hannu, wato raba nisan dannawa da faɗin harafi guda. Faɗin "i" ba ɗaya yake da na "m" ba, kuma idan wata rana aka shigar da suna da ajami, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu, haruffansa na sauya siffa gwargwadon maƙwabtansu, lissafin zai rushe gaba ɗaya. Akwatin ya riga ya san yadda ya shimfiɗa rubutunsa, shi ya kamata a tambaya. Masu aiki da WPF, wato kayan aikin gina manhajoji na Microsoft, su lura cewa umarninsa na GetCharacterIndexFromPoint harafin da aka taɓa yake nunawa, ba gurbin da ke tsakanin haruffa ba, don haka sai sun duba ko a rabinsa na farko aka danna ko na biyu.

A ganina kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka yi amfani da QLineEdit, wato akwatin rubutu mai layi ɗaya na Qt, wajen nuna sunan tun farko, ka cire masa firam da setFrame, ka kulle shi da setReadOnly, ka buɗe shi a lokacin dannawa kafin ka miƙa masa ita. Da yake akwati ɗaya ne ya karɓi dannawar, da kansa zai ajiye sandar a gurbin da ya dace.